Yaushe rifaral ɗina zai fito? Ga amsoshin, don Allah ku karanta kafin ku sake kirana

Jama'a, na daɗe ina taya 'yan'uwanmu mazauna Amurka haɗa takardun ɗaukar riƙon yaro daga wata ƙasa, kuma tambayoyin da kuke yi mini ba sa canjawa, yau Hajiya gobe Alhaji, duk abu ɗaya. Na tattara su a nan.

Yaushe rifaral ɗina zai fito?

Babu mai iya ba ki rana. Ejensin da kika biya, wato kamfanin da ke shiga tsakani wajen ɗaukar riƙon, ba za ta iya ba, lauyanki ba zai iya ba. Duk wanda ya ba ki rana, hasashe ya ba ki.

Wai mene ne ma rifaral ɗin?

Shi ne lokacin da hukumar can ƙasar ta haɗa fayil ɗinka da na wani yaro ta aiko maka da bayaninsa. Abin da za ka gani a ciki bai da yawa: hoto biyu ko uku, takardar likita mai nauyin yaron da tsawonsa da faɗin kansa da sakamakon gwajin jini, sunan gidan marayun, sai 'yan layuka kan yadda ya zo hannunsu. A ba ka ɗan lokaci ka kai wa likitan yara ya duba, ka ce ka karɓa ko ba ka karɓa ba. Ba biza ba ce, ba hukuncin kotu ba ne, yaron bai zama naka ba tukuna.

Na biya ejensi tun bara, ashe ban shiga layi ba?

Ba ka shiga ba. Layi yana farawa ranar da hukumar can ta yi wa fayil ɗinka rajista, ba ranar da ka biya kuɗi ba, ba ranar da ma'aikaciyar binciken gida ta zo ta leƙa ɗakunanka ba. Ka tambayi ejensi wannan ranar, su ba ka a rubuce.

Wata ta lissafa mini da kwamfuta ta ce saura wata bakwai. In yarda?

Wannan lissafin na san shi sarai, daga tsarin ƙasar Sin ya samo asali, kuma can ɗin ne ya fi cutar da mutane. Sin ta buɗe ƙofa a 1992, tsarinta kuma a wancan lokacin a jere yake: kowane fayil yana da ranar rajista da ake kira LID, kusan kowane wata hukumar da ke Beijing tana fitar da rifaral ta ce mun kai fayilolin rana kaza. Sai iyaye suka riƙa ƙirga kwanakin da ke tsakanin inda hukuma ta kai da ranar tasu rajistar, su raba da kwanakin da take cinyewa a wata. A 2005 lissafin yana aiki, jira bai kai shekara ba, a shekarar yara kusan 7,900 suka shigo Amurka daga Sin. Daga 2006 abin ya fara ja, hukumar da take cinye fayilolin wata guda a wata ta koma mako guda, ta koma 'yan kwanaki. Ki lissafa da kanki: kwana 90 a gabanki, in ana cin 30 a wata, wata uku ne, in aka koma cin 3 a wata, wata talatin ne, kuma lambar da ke gabanki ba ta canja ba. Waɗanda aka yi wa rajista a ƙarshen 2006 da tunanin shekara ɗaya ko biyu, sun yi shekara takwas ko fiye suna jira.

Sannan kwanakin ma ba nauyinsu ɗaya ba. Da Sin ta sanar za ta tsaurara sharuɗɗa daga 1 ga Mayu 2007, har da daɗewar aure da dukiya da ƙibar jiki, mutane suka yi rububin shigar da fayil kafin ranar, sai rana ɗaya ta ɗauki abin da mako yake ɗauka a da. Kamar layin mai ne, kana iya ƙirga motocin da ke gabanka amma ƙirgan ba zai gaya maka tanka nawa za ta zo ba. Mai lissafin nan abin da ya wuce kawai take gani.

Me ya sa jiran ya yi tsawo haka alhali marayu sun cika duniya?

Malam, yawancin yaran gidajen marayu suna da uwa ko uba ko dangi a raye, talauci ne ya kai su can. Kuma yarjejeniyar Hague ta 1993 kan ɗaukar riƙon yara tsakanin ƙasashe ta ce a fara nema wa yaro wuri a danginsa, sannan a cikin ƙasarsa, waje shi ne na ƙarshe. Masu neman jariri lafiyayye sun fi jariran yawa nesa ba kusa ba. A 2004 yara kusan 23,000 suka shigo Amurka ta wannan hanya, a 2023 ba su kai 1,300 ba. Ana nema wa yaro iyaye ne, ba a nema maka yaro ba, in ka riƙe wannan rabin ɓacin ranka zai tafi.

Takarduna sun kusa mutuwa, shekaru suna ja, in sabunta in ci gaba da jira, ko in canja ƙasa, ko in karɓi yaro mai lalura?

To, wannan ita ce tambayar da ta cancanci a zauna, kuma amsarta ba ɗaya ba ce, ya danganta da gidanka.

Abu na farko dai, ko me za ka yanke, kada ka bar takarda ta mutu kana cikin tunani. Amincewar I-800A, wato takardar da hukumar shige da fice ta Amurka take tabbatar da ka cancanci ɗaukar riƙo, wata 15 take yi, ana neman ƙarin wa'adi cikin kwana 90 na ƙarshe kafin ta ƙare, kuma sai da sabunta binciken gida da zanen yatsa. In ka ƙaura, ko aiki ya canja, ko an yi haihuwa, ko wani babba ya dawo gidan da zama, misali ƙaninka ya zo karatu ya sauka wurinka, dole a sanar a gyara. Mutanenmu suna yawan mantawa da wannan na baƙon, don a wurinmu ɗan'uwa ya sauka ba labari ba ne, su kuwa a wurinsu duk babban da ke zaune a gidan sai an bincike shi. Sabuntawa tana cin kuɗi, amma ta fi a ce rifaral ya fito takardarka a mace.

Zancen ci gaba da jira kuwa, ni abin da nake dubawa shi ne ƙasar tana motsi ko ba ta yi. Ka tambayi ejensi rifaral nawa suka karɓa daga ƙasar a wata goma sha biyun da suka wuce, na yara masu irin shekarun da ka nema, kuma iyalai nawa ne a gabanka a wurinsu. In suka ba ka lamba, ko ba ta yi maka daɗi ba, kana da abin riƙewa. In suka fara kwana-kwana suna cewa muna sa rai, to ka fara tunani. Amma fa ko lambar mai kyau ce ba ta hana ƙasa rufewa. Gwatamala ta rufe a farkon 2008. Rasha ta hana Amurkawa daga 1 ga Janairu 2013 saboda rigimar siyasa, har da waɗanda sun riga sun je sun ga yaran. Majalisar Habasha ta haramta a Janairu 2018. Sin ta dakatar a 2020 saboda korona, mutane suka yi ta sabunta takardu shekara huɗu, sai a Satumba 2024 ta sanar ta rufe gaba ɗaya in ban da na dangi na jini da agola, ɗaruruwan iyalai da hoton yaro a hannu suka tashi a tutar babu. Don haka ba zan ce maka haƙuri kullum yana biya ba.

Canja ƙasa kuma ba kamar yadda ake ɗauka ba ne. Matsayinka a layi ba ya bin ka, sabon fayil ne, sabuwar fassara, sabon hatimi, yawancin kuɗin da ka biya ba ya dawowa, ka duba kwantiraginka ka gani. Sabuwar ƙasar ma tana da nata jiran, a Indiya jaririn da bai da lalura shekaru ake jira, Kolambiya tun 2013 ta daina karɓar sabon fayil daga baƙi masu neman ƙananan yara lafiyayyu. Wasu ƙasashen suna duba tazarar shekaru tsakaninka da yaron, wanda ya shiga layi yana da arba'in da 'yan kai yana iya samun kansa ya wuce sharaɗi a wani wurin. In ƙasarka tana motsi ko da a hankali ne kuma ka yi nisa, galibi zama ya fi. In ta tsaya cik kuma ba ka daɗe da shiga ba, galibi tashi ya fi. Na ce galibi, don na ga inda aka samu akasin haka ta kowane ɓangare.

Sai na ukun, yaro mai lalura ko wanda ya ɗan girma ko 'yan'uwa biyu tare. Gaskiya ne nan jira ya fi gajarta sosai, don yaran ne suke jira ba iyayen ba. Wasu lalurorin kamar tsagewar leɓe ko murɗaɗɗiyar ƙafa ana gyara su, yaro ya tashi garas. Wasu kuma kamar ciwon zuciya mai tsanani na tsawon rai ne, kuma takardar likitan da ta zo da rifaral ba kullum take faɗin komai ba. Amma wallahi kada ka ɗauki biro ka yi ta cika akwatunan fom don kawai ka tsallake layi. Ka kai jerin wurin likitan yara ku bi shi ɗaya bayan ɗaya, ka duba inshorarka, ka duba nisan asibiti, ka zauna da maiɗakinka ku faɗa wa juna gaskiya wa zai riƙa kwana a asibiti, wa zai ajiye aiki. In bayan duk wannan zuciyarku ta natsu, bismillah, alheri ne babba. In gajiya da jira ce kawai take tura ku, ku dakata, yaron ne zai ɗanɗana kuɗarsa.

Wani ya ce yana da hanya, in na ƙara kuɗi wata uku an gama.

Haba Alhaji. Ka toshe lambarsa yau. Irin wannan gaggawar ce ta sa aka raba iyaye mata da 'ya'yansu da ƙarya a Gwatamala da Habasha har aka rufe ƙofar ga kowa. A Chadi ma mun gani, a Oktoba 2007 aka kama 'yan ƙungiyar Faransa ta Arche de Zoé a Abeche za su fita da yara 103 da sunan marayun Darfur, aka bincika aka tarar yawancinsu 'yan Chadi ne masu iyaye ko dangi. Kana so wata rana yaro ya girma ya gano sayo shi aka yi?

Ɗan yayana ne maraya a gida, shi ma sai na jira rifaral?

A'a, wannan daban ne, tunda yaron sananne ne. Amma riƙo irin namu na an ba ka shi a gaban dangi bai isa ba. Najeriya ba ta cikin yarjejeniyar Hague, don haka fom ɗin I-600 na hukumar shige da fice ta Amurka ake bi, sai da hukuncin kotu bisa dokar jihar, sai yaron ya cika ma'anar maraya a dokar Amurka, a shigar da fom ɗin kafin ya kai shekara 16, sannan ofishin jakadanci ya yi nasa binciken da yake cin watanni. Mazauna Birtaniya ku sani tun 2021 ta sa Najeriya a jerin ƙasashen da ta taƙaita ɗauko yara daga cikinsu. Dokokin biza kuma suna canjawa, ka nemi lauyan shige da fice kafin ka je kotu.

Ya halatta a Musulunci?

Riƙon maraya lada ne, jingina shi ga wanda ba ubansa ba ne Suratul Ahzab ta hana. Zancen suna da gado da muharramaka ki kai wa malaminki tun yanzu.

In fara sayen kaya? Surukaina sun dame ni da tambaya.

'Yar'uwa, kwantar da hankalinki, tsawon jiran ba laifinki ba ne, ba wai an ga wani aibu a fayil ɗinki ba. Amma kar ki sayi kaya. Na shiga ɗakin da aka yi wa fenti aka jera rigunan ɗan wata shida a durowa da lambar kanti a jikinsu, yarinyar da ta zo daga baya shekararta uku. Ki ajiye kuɗin. Surukai kuma kar ki ba su wata ko shekara, ki ce takardu suna hannun hukuma, a taya ku da addu'a.

In rifaral ya fito, yaushe zan tafi ɗauko shi?

Wani jiran ne sabo: amincewar shige da fice, ranar kotu, fasfon yaron, gwajin likita, biza. Watanni ne, wasu ƙasashen ma sau biyu za ka je. Kar ka yanki tikiti sai ejensi ta ba ka ranar a rubuce, kuma ka yanki wanda ake iya canja wa rana.