Pat Morita: Ɗan Barkwancin Gidan Rawa Da Ya Zama Malam Miyagi

Wane ne Pat Morita?

Duk wanda ya kalli fim ɗin The Karate Kid na 1984 ya san fuskarsa: ɗan gajeren dattijon nan mai furfurar gemu, Malam Miyagi, wanda ya sa yaro goge motoci da fentin shinge kafin ya koya masa ko naushi ɗaya. Da yawanmu mun ɗauka ɗan Chanis ne, gwanin kareti tun daga gida. Ba haka ba ne. Sunansa na yanka Noriyuki Morita, an haife shi ranar 28 ga Yunin 1932 a garin Isleton na jihar Kalifoniya. Iyayensa 'yan Japan ne da suka je Amurka ci-rani suka zauna, shi kuwa Ba'amurke ne gaba da baya.

Yaya yarintarsa ta kasance?

Nan ne labarin ya fi taɓa zuciyata. Yana ɗan shekara biyu tarin fuka ya kama masa ƙashin baya. Kusan shekara tara ya yi a gadon asibiti, sau da yawa a ɗaure cikin siminti daga kafaɗa zuwa gwiwa, har an fidda rai zai taɓa taka ƙasa. Sai da aka yi masa aiki a baya, yana ɗan shekara 11, sannan ya koyi tafiya.

To ina ya tafi da ƙafafun? Ba gida ba. Bayan harin da Japan ta kai sansanin sojan ruwan Amurka na Pearl Harbor a Disambar 1941, gwamnatin Amurka ta kwashe kimanin mutum 120,000 masu jinin Japan ta zuba su a sansanoni, mafi yawansu 'yan ƙasa ne haifaffu. Daga ƙofar asibiti wani jami'in tsaro ya raka yaron nan har sansanin Gila River da ke hamadar Arizona, inda iyayensa ke tsare. Ka dubi wannan hali. Jiya majinyaci ne da kowa ke tausaya wa, yau ya wayi gari ana kallonsa a matsayin abokin gaba, bai san hawa ba bai san sauka ba.

Ta yaya ya faɗa harkar barkwanci?

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu iyalin suka buɗe gidan abinci a Sacramento, shi kuma yana bin tebur-tebur yana sa masu cin abinci dariya. Daga baya ya samu aikin kwamfuta a wani kamfanin ƙera roka, ga albashi, ga mata da 'ya. Yana kusan shekara 30 ya ajiye aikin, ya kama hawa dandamali a ƙananan gidajen rawa na dare.

Sana'a ce mai wuya. Kai kaɗai ne tsaye da makirifo a gaban mutanen da suka sha suka yi tatil, in ba ka sa su dariya cikin minti biyu ba su yi maka ihu. Yawancin barkwancinsa a kan kamanninsa da asalinsa yake yi, domin abin da 'yan kallon lokacin ke so ke nan. Sally Marr, mahaifiyar shahararren ɗan barkwanci Lenny Bruce, ita ta riƙa nema masa wuraren wasa.

Daga nan sai fim?

A hankali dai. Ya fara da Thoroughly Modern Millie a 1967. Amininsa Redd Foxx, wanda shi ma a gidan rawa ya taso, ya yi aiki da shi a shirin Sanford and Son, sannan a 1975 ya fito a matsayin Arnold mai gidan abinci a Happy Days. Ba jarumi ake ba shi ba. Shi ne mai shigowa ya yi minti uku ya fita, amma a tashi ana maganarsa.

Me ya sa aka so hana shi fitowa a matsayin Miyagi?

Furodusa Jerry Weintraub ya dage cewa ɗan barkwanci ba zai iya ɗaukar matsayi mai nauyi haka ba. Darakta John Avildsen ya tsaya masa. Sau biyar ana gwada shi kafin Weintraub ya sauko. Kareti kuwa bai iya ba; ƙwararre Fumio Demura ne ya yi masa wuraren faɗa masu wuya. Hatta gurguwar Turancin Miyagi ƙirƙira ce, don Morita Turancin Amurka yake yi tsantsa.

A ganina Weintraub bai lura da abin da gidan rawa ke koyarwa ba: sanin lokacin magana da lokacin yin shiru. Akwai wurin da Miyagi ya bugu da dare, sanye da tsohon kakin soja, yana waƙa a gaban hoton matarsa. Yaron da yake koya wa kareti ya ɗauki takarda ya karanta, sai ga shi matar da jaririnta sun rasu wajen haihuwa a sansanin tsare masu jinin Japan na Manzanar, alhali mijin yana fagen yaƙi yana yi wa Amurka hidima. Masu kuɗin fim sun so a yanke wurin, wai yana jan lokaci. Alhamdulillahi ba a yanke ba. Mutumin da ya kwana a bayan wayar sansani irin wannan yana yaro ba sai an koya masa kukan ba.

Ya samu lambar yabo?

Ya shiga takarar Oscar ta gwarzon mataimakin jarumi, amma Haing Ngor ɗan Kambodiya ne ya lashe. Ya sake fitowa a Miyagi a 1986 da 1989 da 1994, kuma shi ya yi muryar sarki a Mulan na 1998.

Yaya ƙarshensa?

Giya ta daɗe tana cin sa, tun zamanin gidajen rawa, kuma iyalinsa ba su ɓoye ba a fim ɗin tarihinsa More Than Miyagi da ya fito a 2021. A shekarunsa na ƙarshe ta sa ya rasa ayyuka. Ya rasu a gidansa da ke Las Vegas ranar 24 ga Nuwambar 2005, sakamakon ciwon ƙoda, yana da shekara 73.