Rajistar ƙirƙira a ƙasashe da yawa: tambayoyi da amsoshi

Maƙeri a Garwa ta Kamaru ya ƙera sabon injin ɓarar gyaɗa. Takarda ɗaya za ta kare shi a duk duniya?

A'a. Takardar mallakar ƙirƙira, wato brevet, tana aiki ne kawai a inda aka ba da ita. Sai dai Kamaru da Chadi suna cikin OAPI, ƙungiyar rajistar ƙirƙira ta wasu ƙasashen Afirka mai hedikwata a Yawunde, wadda yarjejeniyar Bangi ta 1977 ta kafa. Rajista ɗaya a can tana aiki a ƙasashe 17, ciki har da Nijar, Benin, Mali da Senegal, tsawon shekara 20 daga ranar da aka shigar da takardu.

Najeriya fa?

Nan ne masu ƙirƙira da yawa suke yin asara. Najeriya ba ta cikin OAPI. Wani zai iya sayen injin a Garwa, ya kai shi Yola ko Kano, ya kwaikwaya ya sayar a can, takardar Yawunde ba za ta hana shi ba. Abin da za ta hana shi ne shigo da kwaikwayon cikin ƙasashen 17. Wanda yake sa ran kasuwar Najeriya sai ya yi rajista daban a Abuja, cikin wata 12 daga ranar rajistarsa ta farko. Idan wa'adin ya wuce, ya rasa damar a ɗauki rajistarsa ta Abuja kamar a wannan ranar ta farko aka yi ta.

Ina kuɗin yake tafiya?

Kuɗin shigar da takardu ba shi ne babba ba. Akwai ladan wakilin da zai rubuta bayanin ƙirƙirar da iyakokin abin da ake neman karewa, akwai fassara zuwa harshen kowane ofishi, sannan kuɗin shekara-shekara wanda yake ƙaruwa yayin da takardar take tsufa, kuma kowane ofishi da nasa. Wanda ya makara yana da wata 6 ya biya haɗe da tara. Bayan nan kariyar ta faɗi. Idan kuma aka kwaikwaya, mai takardar ne zai ɗauki lauya ya shigar da ƙara da aljihunsa.

Mene ne amfanin hanyar PCT?

PCT yarjejeniyar ƙasa da ƙasa ce ta neman rajistar ƙirƙira, kuma lokaci take saya wa mutum. Takarda ɗaya tana riƙe masa wuri a ƙasashe fiye da 150 har wata 30, tare da rahoton bincike kan ko ƙirƙirar sabuwa ce. Kuɗin shigarwa faran na Suwizalan 1,330 ne, ana rage kashi 90 cikin 100 ga mutum ɗan Kamaru ko Chadi da ya nema da sunansa. Kuɗin bincike daban ne. A ƙarshe dai sai an shiga kowace ƙasa an biya.

To ƙasashe nawa ya kamata a zaɓa?

A ganinmu, inda za a sayar da kayan da yawa da inda ake iya ƙera shi da araha. Injin gyaɗa ba ya buƙatar takarda a Faransa ko Amurka. Ƙaramin gyara a kan injin da aka saba da shi kuwa, OAPI tana da rajista mai sauƙi ta shekara 10, modèle d'utilité.

Wane kuskure ne ba ya gyaruwa?

Nuna injin kafin rajista. Bidiyo a Facebook, ko sayar da guda ɗaya a kasuwar Marwa, yana iya sa a ce ba sabo ba ne, kuma ofishin rajistar ƙirƙira na Turai ba ya sassauci a kan wannan. A shigar da takardu tukuna, kafin a kira kowa ya gani.