Aure ko ciki ba ya hidda ɗiya daga lakwal, ga abin da takardar gwamnati ta ce

Jama'a sallama. Tun rantire ta watan Oktoba nake son in yi wanga rubutu saboda abin da ya faru da ɗiyar yayata, kuma na lura a nan Maradi mutane da yawa, har waɗanda suka yi boko sosai, ba su san akwai takardar gwamnati da ta yi magana a kan wanga lamari ba.

Yarinyar daga wani ƙauye take can wajen Madarunfa, wurina take zaune tun da ta shiga siziyem don garinsu babu CEG, wato makarantar da ake shiga bayan firamare. Bana za ta shiga turwaziyem, ajin ƙarshe na CEG da ake rubuta jarrabawar BEPC, sai cikin bakans aka ɗaura mata aure, mijin nan birni yake kuma tun wurin neman aure ya ce ya yarda ta ci gaba da karatu. Ranar da ta koma sai ga ta ta dawo tun kafin ƙarfe goma, kaye ɗinta sababbi ko ledarsu ba ta cire ba, ta zauna bakin ƙofar ɗaki tana share hawaye da gefen hijabi. Na ce mi ya faru, ta ce Inna, sirbeyan mai kula da tarbiyyar ɗalibai ya ce matar aure ba ta zama aji ɗaya da ƴan mata, wai in tahi gidan mijina. Wallahi raina ya ɓaci ƙwarai, don na yi shekaru ina koyarwa a matsayin malamar kwantaragi kuma na san maganarshi ba ta da tushe ko kaɗan.

To bari mu bi abin daki-daki. Uwar dokokin ilimi a Nijar ita ce wadda ake kira LOSEN, doka mai lamba 98-12 ta ranar 1 ga watan Yuni 1998. Ita ta ce ilimi haƙƙi ne na kowane ɗan ƙasa, kuma gwamnati ta ɗauki alkawarin ilimin yara daga shekara 4 har 18. Ba ta ce ɗa namiji kaɗai ba, ba ta ce wadda ba ta yi aure ba. Amma duk da haka akwai tsofaffin takardun ma'aikatar ilimi na shekarun 1970 da aka daɗe ana dogara da su wajen sallamar ɗalibar da ta yi ciki, kuma yawancin dattawan mushe da suka daɗe cikin aiki da wannan tsari suka tashi, shi ya sa har yau wasu suke ganin korar ita ce ƙa'ida.

A 2012 an kai wani daftarin doka gaban Majalisar Dokoki a Yamai don kare ɗiya mace da ke cikin karatu, ƙungiyoyin addinin Musulunci suka tashi tsaye suka ce ba su yarda da wasu sassanshi ba, musamman inda ya taɓa maganar aure, daftarin bai wuce ba. Sai bayan shekara biyar, zamanin Shugaba Mahamadu Isufu, gwamnati ta bi wata hanya ta hidda dekire, wato takardar umarnin shugaban ƙasa, mai lamba 2017-935 ranar 5 ga watan Disamba 2017, a kan kariya da tallafi da rakiyar ɗiya mace da ke cikin karatu. Manufarshi a riƙe yarinya a lakwal har aƙalla shekara 16. Sannan a watan Fabrairun 2019 ministocin da ke kula da ilimi suka sa hannu tare a kan arete, wato takardar umarnin minista, mai lamba 25 da ya fayyace yadda za a yi aiki da dekiren, kuma nan ne maganar da ta shafe mu take: ɗaliba tana iya ci gaba da karatunta ko ta yi aure ko ta samu ciki, bayan ta haihu kuma ta dawo ajinta.

Wannan shi ne zuciyar abin. Direktan lakwal ko sirbeyan ko wani mushe ba shi da ikon ya goge sunan yarinya daga rajista don an ɗaura mata aure, ko don cikinta ya fito. In ta faɗi jarrabawa, mwayen ɗinta bai kai ba, ana iya sa ta ta maimaita aji ko a sallame ta kamar kowane ɗalibi, wannan wata ƙa'ida ce daban da ta hau kan kowa, mace da namiji. Amma aure da ciki ba dalili ba ne.

Yanzu ga inda mutane suke ruɗewa, kuma ina roƙon iyayenmu maza da malamanmu su karanta nan da kyau. Wanga dekire bai hana aure ba. Bai ƙayyade shekarun aure ba, bai ce a kama uban da ya aurar da ɗiyarshi a kai shi gidan kaso ba. Dalili kuwa shi ne takardun gwamnati hawa-hawa ne: doka ita ce ta sama, a lokacin Majalisa ke yin ta, ƙarƙashinta dekire wanda shugaban ƙasa ke sa wa hannu bayan taron ministoci, ƙarƙashinshi arete na minista. Ƙirƙiro babban laifi da yanke mishi hukuncin ɗauri aikin doka ne, dekire ba ya iya yin haka. Maganar shekarun aure tana cikin kundin da ake kira Kod Sibil, wanda ya sa 15 ga mace, 18 ga namiji, kuma kowa ya san aurenmu na nan a masallaci ko ƙofar gida ake ɗaura shi bisa addini da al'ada, ba ta wannan kundi ake bi ba. Saboda haka wanda ya ce maka an yi dokar hana aure, bai karanta ba. Abin da aka hana shi ne a mai da aure ƙofar fita daga lakwal.

Ni a ganina wannan shi ne ƙarfin takardar kuma shi ne rauninta. Ƙarfinta, ba ta ja faɗa da kowa ba, uba mai tsoron kar ɗiyarshi ta lalace a birni shina iya aurar da ita kuma ta ci gaba da zuwa aji, babu wanda ya taka addininshi. Rauninta, in mijin ya ce a'a, ko uwar miji ta ce wa zai yi daka wa zai ɗebo ruwa, babu wata sanda a hannun takardar da za ta tilasta musu. Abin da ta tanada shi ne a sanar, wato shugaban lakwal da iyaye da kwamitin kula da makaranta da duk wanda ya samu labarin wani abu da zai katse karatun yarinya, su kai maganar gaban hukuma. Daga nan sai lallashi da zaman sulhu, a kira mai unguwa ko mai gari, a kira liman, a zauna da mijin.

Kuma mu nan Maradi abin ya fi shafarmu. Binciken lafiya da yawan jama'a na 2012 ya nuna kashi 76 cikin ɗari na matan Nijar masu shekara 20 zuwa 24 an yi musu aure kafin su kai 18, kashi 28 kafin 15, a jahar Maradi kuwa adadin ya kai kashi 89. To in dai aure shi ne ƙarshen karatu, ku lissafa da kanku ƴan mata nawa za su kai Lise Dan Baskore ko Lise Teknik Dan Kasawa, balle a yi maganar Jami'ar Dan Dikko Dankulodo da ke nan cikin garinmu. Muna kukan babu likita mace da za ta duba matanmu, babu ungozoma a asibitin ƙauye, to daga cikin waɗannan yaran ne za su fito, ba daga sama ba.

Washegari na ɗauki yarinyar muka koma tare. Ban yi faɗa ba, na gaida direkta da ladabi na ce Mushe, ina son a rubuta mini a takarda, da sa hannu da hatimi, cewa an kori ɗiyata saboda aure, don in kai anspeksiyo, ofishin masu sa ido kan makarantu. Ya yi shiru, ya ce Hajiya zauna tukuna. Na faɗa mishi lambar dekiren da shekararshi, ya aika aka kira sirbeyan, suka yi ƴar magana tsakaninsu, kafin a tashi rekire yarinya tana kan bencinta. Abin da na fahimta ranar shi ne ba mugunta ba ce, sirbeyan ɗin tsakaninshi da Allah ya ɗauka haka ƙa'ida take, tsoronshi wai za ta buɗe wa sauran yara ido. Na ce mishi Malam, waɗannan yaran da waya a hannunsu, ba matar aure mai neman BEPC ce za ta ɓata su ba.

Don haka in abin ya same ku, kar ku tsaya ga maganar baki. Ku nemi a rubuta muku dalilin korar, mafi yawa nan ake ja da baya. Ku sanar da kwamitin makaranta, wato COGES, da ƙungiyar iyayen yara, in akwai ƙungiyar iyaye mata ta AME a lakwal ɗin su ma ku sa su ciki don sun fi kowa sanin yadda ake shiga gidan miji a yi magana. In ba a warware ba ku wuce anspeksiyo, daga nan ofishin ilimi na jaha. Mai ciki kuma ta riƙe karnen awonta na asibiti da takardar haihuwa, a sanar da lakwal da wuri tun kafin ta daina zuwa, kar a wayi gari an cika mata rajista da apsan a ce ita ta gudu da kanta. Wani zai ce ai gwamnati ta canza tun Yulin 2023, to canjin gwamnati ba ya goge dekire haka kawai, sai an hidda wata takarda da ta soke shi ko ta gyara shi.

Abu ɗaya da nake so in ƙara, in cikin na wani mushe ne ko wani babba da ya yi amfani da matsayinshi a kan yarinya, wannan ya bar hannun dekire ya koma maganar kundin hukunta laifuka, wurin ƴan sanda ko jandarma da mai shari'a ake kai shi, kar a yarda a rufe shi da ƴan jikkuna a zaure.

Ɗiyar yayata yanzu daga gidan mijinta a unguwar Zariya take tahiya, shi yake sauke ta da babur ƙarfe bakwai da rabi kafin ya wuce kasuwa. Lissafi ne ke ba ta wahala, ranar Asabar da hantsi takan zo wurina mu zauna a tabarma ƙarƙashin bedi mu yi bitar darasin mako, jiya ma sai da aka kira azahar muna kan darasin lissafi na Talas da Fitagor.