Katin Ziyara: Hoton Sarakunan Turai a Hannun Talaka

Katin ziyara, wanda Faransawa suka raɗa wa suna carte de visite, ɗan ƙaramin hoto ne da ake mannawa a kan kwali mai kauri, tsawonsa kimanin santimita 10, faɗinsa 6 da ɗoriya. Ya yi tashe a Turai daga ƙarshen shekarun 1850 zuwa ƙarshen na 1860, kuma ta dalilinsa ne talaka ya fara riƙe ainihin fuskar sarkinsa a tafin hannu. Kafin nan sai dai zane, ko kan sarki a jikin kwabo.

André Disdéri, mai ɗaukar hoto a birnin Paris, shi ya yi rajistar dabarar a 1854. Kyamararsa mai ido huɗu ce, tana fitar da hoto takwas a kan farantin gilashi guda. Sai a wanke su a takarda ɗaya wadda aka shafa wa farin ƙwai, a bi da almakashi a rarraba. Nan take kuɗin hoto ya faɗi. Amma kasuwar ba ta buɗe sosai ba sai a 1859, da aka fara sayar da katunan Sarkin Faransa, Napoleon na Uku.

A Ingila abin ya fi kama jiki. Sarauniya Victoria da mijinta Yarima Albert masoya hoto ne na gaske, su ne ma iyayen ƙungiyar masu ɗaukar hoto ta Landan da aka kafa a 1853. A watan Mayun 1860 suka zauna wa John Mayall a Fadar Buckingham, aka kuma yarje masa ya sayar wa jama'a da hotunan. Abin lura a cikinsu shi ne abin da babu: ba kambi, ba gadon sarauta, ba 'yan rakiya. Mace ce da doguwar riga mai faɗin gindi, ga mijinta sanye da kwat, wani lokaci da littafi a hannu, kamar kowane gidan masu rufin asiri. Wannan zaɓi ne na hikima, don mutane sun ga iyali irin nasu, suka saya suna jerawa a kundi ɗaya da hotunan iyayensu. Da Albert ya rasu a Disamban 1861, an sayar da katinsa kusan 70,000 cikin mako guda.

Wanda ya fi kowanne shiga rai shi ne na Gimbiya Alexandra, matar yarima mai jiran gado, wanda kamfanin W. da D. Downey ya ɗauka a 1868. Ta yi doguwar jinya a 1867, ciwon ya bar mata taurin gwiwa. Sai ga ta a hoto tsaye, ta goyo 'yarta Louise a baya, ba zani ba majanyi, yarinyar ta saƙalo wuyan uwar tana leƙe ta kafaɗarta. A wurin Bahaushiya goyo ba labari ba ne, amma ga matar sarauta a Ingilar wancan zamani abin mamaki ne, kuma jama'a sun gane saƙon: gimbiya ta miƙe. An sayar da kwafi kusan 300,000.

'Ya'yan manyan gidaje kuwa wurin Camille Silvy suke tururuwa, wani Bafaranshe ɗan babban gida da ya buɗe ɗakin hoto a unguwar Bayswater ta Landan a 1859. Cikin waɗanda suka tsaya gaban kyamararsa akwai Sarah Forbes Bonetta, 'yar ƙasar Yarbawa da aka kai Ingila tana yarinya daga fadar Dahomey, a ƙasar Benin ta yanzu, Sarauniya Victoria ta ɗauki nauyinta. Silvy ya ɗauke ta a 1862 tare da angonta James Davies, attajirin Legas, makonni kaɗan bayan ɗaurin aurensu a Brighton.

Daga 1866 wani kati mafi girma ya fara ture ƙaramin a kasuwa, Silvy ma ya bar sana'ar a 1868. Littattafan aikinsa na yau da kullum, masu ɗauke da dubban fuskoki da sunan kowa a rubuce, suna ajiye a gidan adana hotunan fitattun mutane na ƙasa da ke Landan.