Ciwon Haƙori a Doki: Alamu da Hanyar Ganowa

Babban doki yana da haƙora 36 zuwa 44: na gaba 12, matauna 24, sai zaga huɗu da aka fi samu a bakin ingarma, da wasu ƙanana a gaban matauna da ba kowane doki ke da su ba. Haƙoran doki ba sa daina fitowa sai ya tsufa. Sukan ƙaru da milimita 2 zuwa 3 a shekara, tauna kuma tana cinye su.

Daga nan yawancin matsalar ke tasowa. Muƙamuƙin sama ya fi na ƙasa faɗi, don haka gogayyar ba ta kai wa ko'ina. Gefen matauna na sama sai ya yi kaifi yana yankar kunci, na ƙasa kuma yana yankar harshe. Dokin barga da ke kan dawa da dusa ya fi mai kiwo a fili saurin samun wannan.

Doki dabba ne mai ɓoye ciwo, shi ya sa mai kula da shi zai sa ido wurin ci. A duba gindin turke: in aka ga dunƙulen harawa jiƙe da yawu, an tauna rabi an yar, to da matsala. Haka ma ƙwayar hatsi da ke fita ɗungum a cikin kashi, rama duk da wadatar abinci, warin baki, ko kumburi a fuska. Majina mai wari daga kafar hanci guda takan nuna saiwar wani haƙorin sama ta ruɓe. Wani dokin kuma ƙin linzami yake yi, yana kaɗa kai, sai a ce taurin kai ne a yi ta dukansa, alhali bakinsa ne ke da rauni. Wannan zalunci ne.

Ɗaga leɓe ba ya nuna matauna. Likitan dabbobi yakan yi wa dokin allurar kwantarwa, ya sa ƙarfen buɗe baki, ya wanke bakin, sannan ya bi haƙori ɗaya-ɗaya da fitila da madubi da hannu. In yana zargin saiwa, sai a ɗauki hoton ƙashi. Kaifin kuwa da magagari ake goge shi.

Ana son a duba baki sau ɗaya a shekara, sau biyu ga tsoho da mai shekara biyu da rabi zuwa biyar, lokacin da yake famfara.