Ramukan noti na gaba daban, na baya daban

Masu haɗa mota da kayan motoci iri-iri sun dame ni da waɗannan tambayoyin, to ga amsa gaba ɗaya.

Me ake nufi da 5x114.3?

Ramuka 5 a kan da'ira mai faɗin milimita 114.3. Shi ke nan.

Me ya sa rim ɗin gaba ya ƙi shiga baya?

Saboda aksul ɗin da ka ɗaura na wata mota ne. Yawancin Toyota, Honda da Nissan masu rami 5 suna kan 5x114.3, Mercedes da Audi 5x112, BMW da yawa kuma 5x120. Da ka auna kafin ka saya.

Akwai hatsari idan gaba da baya suka bambanta?

Babu, kwantar da hankalinka. Muddin kowane rim ya dace da hob ɗinsa, wato ƙarfen da ake ɗaure rim a jikinsa, motar za ta yi tafiya lafiya lau.

Rim ɗin 5x120 ya shiga kan 5x120.65 na tsofaffin Chevrolet. In ɗaure?

Kada ka kuskura, malam. Shiga daban, zama daidai daban. Notin zai kwanta a karkace, yana lanƙwasa bol ɗin a hankali, sitiyari ya riƙa rawa, wata rana bol ya tsinke kana cikin gudu.

Adafta zan sa, ko in sake huda aksul?

Wannan kam sai na ga motar. Ni dai na fi son a canza hob ko a sake huda, domin komai ya koma lamba ɗaya. Amma huda na buƙatar ƙwararre mai injin da ke riƙe ma'auni, ba a yin ta da hannu, kuma dole a huda diram ko faifan birki su ma. Sannan a duba ko akwai isasshen ƙarfe tsakanin tsohon rami da sabo. In ya yi siriri, a haƙura.

Adafta, wato faifan da ake sawa tsakanin hob da rim don ramukansu su dace, ta fi sauƙi, sai dai tana da kauri, sau da yawa milimita 20 zuwa 25, don haka za ta turo tayar waje. Tana iya gogar madigadi idan aka ɗauki kaya, kuma tana iya ƙara wa boris wahala, sai fa in ka samo rim mai zurfin da zai mayar da tayar mazauninta. Idan ita ka zaɓa, nemi wadda ke zama cif a wuyan hob, ka ɗaure notin da ma'aunin ƙarfin da aka ƙayyade, ka sake duba notin bayan kilomita 100. A motar tsere ko mai jan nauyi ba na ba da shawararta.

Yaya zan auna rami 5?

Auna daga tsakiyar bol zuwa tsakiyar na kusa da shi, ka ninka da 1.701, abin da ya fito shi ne faɗin da'irar.

Safaya fa?

Abin da kowa ke mantawa ke nan har sai taya ta yi faci da dare. Ko ka ɗauki safaya biyu, ko rim mai ramuka 10 da aka huda da lambobin biyu. Gwada shi gaba da baya tun kana gida, ka tabbata bai taɓa birki ba.