Waiwaye: Yadda Langley Park ta zama unguwar 'yan haya masu jin Sifaniyanci

Langley Park unguwa ce a gundumar Prince George's ta jihar Maryland, dab da birnin Washington ta arewa maso gabas, inda titin University Boulevard ya gitta New Hampshire Avenue. Faɗinta kimanin murabba'in mil ɗaya ne, wato murabba'in kilomita biyu da rabi da 'yan kai. Ƙidayar 2010 ta sami mutum 18,755 a cikinta, ta 2020 kuma 20,126. Fiye da kashi uku cikin huɗu na mazauna 'yan asalin Latin Amurka ne, galibi daga El Salvador da Guatemala, kuma fiye da rabin jama'ar ba a Amurka aka haife su ba. Mafi rinjaye haya suke zaune. Waɗannan alƙaluma ma a ɗauke su a matsayin mafi ƙaranci, domin hukumar ƙidayar Amurka da kanta ta amince cewa a 2020 ta tsallake kusan kashi 5 cikin 100 na 'yan Latin Amurka a faɗin ƙasar, kuma gida mai iyali biyu ko uku yana cikin waɗanda aka fi tsallakewa.

Asalin wurin gandu ne. A 1924 attajiri Frederick McCormick-Goodhart ya gina katafaren gida a tsakiyar fili mai eka 540, ya sa masa sunan gandun danginsa na Ingila. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu aka yanka filin aka sayar, gidan kansa ya koma hannun wata ƙungiyar limaman Katolika da ta yi amfani da shi har 1963. A wannan tsakanin magina suka cika filin. Sojoji sun dawo daga yaƙi, sun yi aure, ma'aikatun gwamnatin tarayya na ɗaukar ma'aikata, gidaje kuma sun yi ƙaranci. Abin da aka gina shi ne rukunin benaye na jan bulo, hawa biyu ko uku, babu na'urar hawa, da ciyawa da wurin ajiye mota a tsakani. Kowane sashe ɗakin kwana ɗaya ne ko biyu, falo, ƙaramin kicin da banɗaki guda. An zana su ne don miji da mata da yaro ɗaya ko biyu, waɗanda za su zauna 'yan shekaru su tara kuɗi su sayi nasu gidan. Mazaunan farko fararen fata ne, da yawansu Yahudawa.

Sauyi na farko ya zo bayan dokar 1968 da ta haramta wariya wajen ba da haya da sayar da gida. Baƙaƙen fata daga Washington suka fara shigowa. A 1973, bisa umarnin kotu, makarantun gundumar suka fara cakuɗa ɗalibai baƙaƙe da farare ta hanyar jigilar su a motoci, fararen fata da dama kuma suka ƙaura zuwa sababbin unguwanni masu nisa. Benayen sun haura shekara ashirin, masu kuɗi ba sa marmarinsu, kuɗin haya ya tsaya a ƙasa.

Wannan arahar ce ta tarbi waɗanda suka zo daga baya. Yaƙin basasar El Salvador ya ɗauki shekarun 1980 zuwa 1992, na Guatemala ya kai har 1996. Masu gudun hijira sun fara sauka a cikin Washington, a unguwannin Mount Pleasant da Adams Morgan, da haya ta yi tsada a can sai suka bi hanyar motar bas zuwa bayan gari. Langley Park tana da abin da baƙo marar mota yake nema: bas zuwa ko'ina, kantuna a kusa, da mai gidan da ba ya yawan tambaya. Wanda ya sami wuri ya kira ɗan'uwansa, ɗan'uwan ya kira ɗan garinsu. Dokar shige da fice ta 1986 ta ba wasu takardun zama, wata dokar ta 1997 ta ƙara wa wasu, girgizar ƙasar da ta afka wa El Salvador a farkon 2001 kuma ta sa Amurka ta ba 'yan ƙasar izinin zama na wucin gadi da ake sabuntawa. Saboda haka gida ɗaya yakan haɗa uba mai izinin wucin gadi, uwa marar takarda, da yaran da aka haifa a Amurka. Ba kowa ne ma Sifaniyanci ya zama harshen uwarsa ba. Akwai 'yan Guatemala masu jin harshen Mam, waɗanda tafintan Sifaniyanci ba ya gamsar da su a kotu ko asibiti. Akwai kuma 'yan Afirka ta Yamma, da na tsibiran Karibiyan, da na Biyetnam, ko da yake su ne marasa rinjaye.

Cunkoso shi ne abin da baƙo yake fara lura da shi, kuma akan yi saurin ɗora shi kan al'ada. Lissafi ne ya kawo shi. Ma'aunin da hukumomin gidaje ke amfani da shi shi ne kada haya ta wuce kashi 30 cikin 100 na abin da iyali ke samu. A ɗauka sashe mai ɗaki biyu yana kan dala 1,600 a wata. Kenan ana bukatar samun sama da dala 5,300 a wata. Mafi ƙarancin albashi a Maryland ya zama dala 15 a awa daga Janairun 2024, mai yin awa 40 a mako zai tashi da kimanin dala 2,600 a wata kafin a cire haraji. Sai mutum biyu sun yi cikakken aiki kafin su kusanci ma'aunin. To aikin gini, yankan ciyawa, fenti da shara, waɗanda su ne sana'o'in unguwar, ba sa tafiya daidai duk shekara, da sanyi ya kama sai aiki ya yi ƙasa. Ga kuma kuɗin da ake aikawa gida, waɗanda a El Salvador sun kai kusan kashi ɗaya cikin huɗu na arzikin ƙasar. Mafita ita ce a raba. Iyali ɗaya a ɗaki guda, wani iyali a ɗayan, falo kuma a ja labule a ba gwauraye biyu.

Akwai dalili na biyu. Kamfanin da ke kula da gida yakan nemi lambar shaidar ma'aikaci ta gwamnati, tarihin biyan bashi, da takardar albashi mai nuna samun ninki biyu da rabi ko uku na haya. Wanda ake biya a hannu ba shi da ko ɗaya. Sai mutum guda mai takardu ya sa hannu a yarjejeniya, saura su zauna a ƙarƙashinsa suna ba shi kuɗi babu rasit. A idon doka shi kaɗai ne ɗan haya. Idan ya tattara kuɗin bai kai ofis ba, ko ya tashi, sauran ba su da abin nunawa.

Yanzu a haɗa wannan yawan jama'a da ginin da ya haura shekara saba'in. Bututun ruwa na ƙarfe da aka sa a wancan zamani yana yin tsatsa ta ciki, ya tsuke, ƙarfin ruwa ya ragu, daga baya ya fashe cikin bango. Ruwan ya jiƙa silin ɗin na ƙasa, idan ba a busar da shi cikin kwana ɗaya ko biyu ba hunhuna ta kama. Abin da aka saba yi shi ne a shafe wurin da fenti, bayan 'yan makonni baƙin tabon ya dawo, domin bututun yana nan yana ɗiga. Banɗakin da aka tsara don mutum uku yana ɗaukar wankan mutum takwas, tururi bai da hanyar fita. Ɗumama ɗakuna daga tukunya guda ce ta dukan ginin, idan ta tsaya a watan Janairu kowa ya shiga uku, mutane su kunna murhun girki ko na'urar ɗumama ta lantarki, wayoyin da aka ja kafin zamanin na'urar sanyaya ɗaki su yi zafi. Kyankyaso, ɓera da kuɗin cizo suna bin ramukan bututu daga sashe zuwa sashe, shi ya sa feshin sashe ɗaya asarar magani ce, sai an yi wa ginin gaba ɗaya a maimaita. Ga tsohon fenti mai gubar dalma, wanda ba a haramta a gidaje ba sai 1978, yana ɓarewa a jikin taga inda yara ke wasa.

Doka ta tanadi hanya. Ɗan haya zai sanar da mai gida a rubuce, ya ajiye kwafi da hotuna masu kwanan wata, ya kira layin 311 na gunduma a turo sufeto. Idan ba a gyara cikin lokacin da ya dace ba, wanda kotu kan ɗauka bai kamata ya wuce kwana 30 ba, yana iya shigar da ƙara ya riƙa biyan hayarsa a asusun kotu har sai an gyara. Inda ake tuntuɓe biyu ne. Wasu sukan daina biya kawai ba tare da sun je kotu ba, mai gida ya ba da sanarwar kwana 10 ya shigar da ƙarar rashin biya, su koma su ne masu laifi. Wasu kuma ba sa kiran sufeto sam, domin idan ya shigo ganin hunhuna zai ga katifu, kuma ƙa'idar da yawancin hukumomi ke bi ta ce ɗakin kwana na mutum fiye da ɗaya sai kowa ya sami murabba'in ƙafa 50. Masu gidajen da ba sa son gyara sun san da wannan tsoro.

Abin da ya fi bambanta Langley Park da wasu maƙwabtanta shi ne ba gari ba ce mai cin gashin kanta. Ba ta da magajin gari ko majalisa, komai sai an je ga gunduma mai mutum sama da 900,000. A tsallaken iyaka akwai garin Takoma Park, wanda ke ƙayyade ƙarin kuɗin haya tun 1981, kuma tun farkon shekarun 1990 ya bar waɗanda ba 'yan ƙasa ba su jefa ƙuri'a a zaɓen gari. Gine-ginen ɓangarorin biyu sa'annin juna ne, masu haya ma kusan iri ɗaya. Wannan giɓi na rashin hukumar gari a Langley Park ƙungiyoyi ne suka cike shi, musamman CASA, wadda aka kafa a 1985 a wata majami'a a Takoma Park don taimakon 'yan gudun hijira, kuma a 2010 ta buɗe cibiyarta a tsohon gidan McCormick-Goodhart bayan ta gyara shi.

Annobar korona ta fito da komai fili. A watannin farko na annobar a 2020 yankin gidan waya mai lamba 20783, wanda ya ƙunshi unguwar, shi ne ya fi ko'ina yawan masu kamuwa a Maryland. Killace kai ba ya yiwuwa a gida mai banɗaki ɗaya, tallafin gwamnatin tarayya kuma bai kai ga marasa takardu ba. A rukunin gidajen Bedford Station da Victoria Station 'yan haya suka yi yajin biyan haya, a 2021 kuma suka kai masu gidajen kotu kan lalacewar gine-gine. A 2023 gundumar ta ƙayyade ƙarin haya a kashi 3 cikin 100 na wucin gadi, a 2024 ta yi doka ta dindindin: hauhawar farashi da ƙarin kashi 3, amma kada jimilla ta wuce kashi 6. Jihar kuma ta rage kuɗin ajiya na shiga gida daga hayar wata biyu zuwa ta wata ɗaya daga Oktoban 2024.

Batun da ke gaba shi ne jirgin ƙasa na Purple Line, mai tsawon mil 16 da tashoshi 21 daga Bethesda zuwa New Carrollton, wanda ya ratsa ta University Boulevard. An fara aikin a 2017, 'yan kwangilar farko suka janye a 2020, kuɗi da lokaci suka ƙaru sosai. Ga mazaunin da ba shi da mota jirgin alheri ne. Ga mai gini kuma darajar filinsa ce za ta tashi, ta fi ta tsohon benen da ke kansa. Gunduma tana da ikon shiga gaban mai saye idan za a sayar da rukuni mai sassa 20 ko fiye, ta miƙa shi ga wanda zai riƙe haya da rahusa, amma sai da kuɗi a hannu cikin ƙayyadadden lokaci. Dokar 2024 kuma ba ta shafi gine-ginen da aka yi daga shekarar 2000 zuwa yau ba. Mai gidan da ya rushe benen 1950 ya ɗora sabo ya fita daga ƙarƙashin ƙayyadewar, kuma sabon ofishin hayar zai nemi takardun da yawancin mazauna yanzu ba su da su.